Ƙwai Arba'in na Mama Rahila

Akwai wani magidanci mai sha'awar haɗa 'yan na'urori a ɗakinsa. Yana da wata 'yar ƙwaƙwalwar lantarki wadda ba ta fi ƙwayar wake ba, yakan kuwa rubuta mata umarni da harshen da ake kira asembili. Wasu sukan kwafo umarnin da wani ya riga ya rubuta, shi kuwa ya raina wannan. Yakan ce da asembili yana magana ne a kunnen na'urar kai tsaye, ba ta ƙarawa, ba ta ragewa. In ya fara wannan yabo, har tuwonsa ya huce bai sani ba.

Masu wannan aiki suna da wata al'ada. A gefen hagu na shafi sukan rubuta umarnin da na'urar za ta bi, a dama kuma su rubuta wa kansu bayani. Na'urar ba ta karanta bayanin ko kaɗan.

Ana nan sai ya haɗa akwatin ƙyanƙyasa, da fitilar da za ta riƙa ɗumama ƙwai, ya sa 'yar ƙwaƙwalwar ta riƙa kunna ta da kashe ta. Maƙwabciyarsa Mama Rahila, wata gwauruwa, ta kawo masa ƙwai arba'in na kajinta, da su take sa ran riƙe marayunta.

Kafin ya rufe akwatin, ya duba rubutunsa, ya ga kuskure. A layin da ya kamata a kashe fitila in zafi ya yi yawa, ya rubuta a kunna ta. Nan da nan ya gyara bayanin dama, ya ji daɗin kansa, ya manta da umarnin hagu. Ya rufe akwatin ya tafi ƙauye.

Bayan kwana uku ya dawo, wari ne ya tarbe shi tun daga zaure. Ya buɗe akwatin, ya tarar fitila tana ta ci. Mama Rahila ta shigo, ta fasa ƙwai ɗaya, ga shi a dafe.

"Malam, me nake gani haka?"

"Mama, ai na gyara! Duba, ga shi a rubuce."

Ta dube shi, ta ce, "A rubuce ka gyara. Ƙwaina fa?"

Ma'anar wannan misali ita ce, bayanin dama shi ne maganar bakinmu, umarnin hagu kuwa shi ne aikinmu. 'Yan'uwa, abin yana ba ni tsoro. Mukan gane laifinmu ranar Lahadi, mu ce mun tuba, har mu yi hawaye, mu tashi da sanyin rai. Ranar Litinin kuwa hali yana nan yadda yake, fitila tana ci, waɗanda suka dogara gare mu suna ƙonewa a gida. Allah ba ya ruɗuwa da kyawun bayani. Kai da ka ce ka gyara, koma yau ka duba wane gefe ka gyara, tun ƙwan wani bai dahu a hannunka ba.