Ciwon Nomau da Babur Ɗaya

Ku gyara zama. Mai goro a baki ya tofar tun yanzu, don ƙarshen labarin nan gardama ce, kuma ba na son a fesa mini ja a riga.

A Tungar Marke an yi wani mai shayi, sunansa Nomau. Teburinsa na bakin kasuwa, kuma wanda bai zauna a bencinsa ba bai san abin da gari ke ciki ba. Mutum ne mai surutun tsiya, ko babu mai saye sai ya yi hira da butar shayin. Matarsa ta daɗe da rasuwa, ba su haihu ba, saboda haka 'yan benci su ne iyalinsa.

Wata damina hannunsa ya fara rawa. Da farko an ɗauka sabon salon sheƙa shayi ne, har ana yi masa tafi. Sai tafin hannun ya soma saɓa kamar maciji, ƙafafu suka kumbura, zazzaɓi ya riƙa zuwa yana komawa kamar akuyar maƙwabta. Aka kai shi babban asibitin birni. Aka ɗebi jini, aka ɗebi fitsari, aka haska ƙirji. Ba kuturta ba ce, ba taifot ba, ba ciwon suga ba. Likitoci suka yi ta shigowa suna leƙa shi, kowa ya gyaɗa kai ya fita. Daga ƙarshe babbansu ya faɗi gaskiya: ba su san sunan abin ba, ba su kuma san ko ana ɗauka ba. A koma gida a ci gaba da addu'a.

Wannan "ba mu sani ba" ta riga shi isa gari. Kafin ya sauka daga mota har an raɗa wa cutar suna, ciwon Nomau. Benci ya watse. Mutanen da suka shekara suna shan shayi daga hannunsa suka taru ƙofar gidan mai gari, suna cewa a ɗora shi a amalanke a tsallakar da shi kogi, Allah da ya yi shi ya ji da shi.

Nan na farkon mutum ukun da suka tsaya masa ya shigo, Cindo, kansilan yankin, ɗan kawun Nomau, wato taubashinsa. Ya san in ya kawo zancen doka ba mai sauraro, sai ya ratsa taron yana ɗaga murya.

"Kai, ku dakata! Wa ya ba ku izinin taɓa mini bawa? Wannan mummunan tun ranar sunansa nawa ne. In zubarwa za a yi, ni zan zubar da abina."

Dariya ta kuɓuce wa wasu, kuma a Tungar Marke ba a shiga tsakanin taubasai. Kafin su gama dariya Cindo ya sa an kai Nomau bukkar gonarsa, aka kewaye ta da darni, ya kafa doka kada kowa ya shiga sai malamin asibiti. Ya kuma sa aka rufe tsohuwar rijiyar bayan marina, wadda Nomau kaɗai ke ɗiba, don ya rantse ruwanta ne ke ba shayi kala. Sannan ya shiga bin ofisoshi. Masu lafiya suka ce tunda an ambaci rijiya, maganar masu ruwa ce. Masu ruwa suka ce tunda akwai marina, ta masu muhalli ce. Masu muhalli suka ce su ba su duba mutum, a koma wa masu lafiya. Takalminsa ya suɗe, bai samo komai ba. Amma da babu shi, da Nomau ya kwana a bakin kura tun ranar farko.

To, sai dai bukka. Ku tuna wane ne aka sa a ciki. Mutumin da bai iya shiru ba ko cikin wanka, ga shi tsakanin dawa da dawa, ba ya jin komai sai kukan kurciya. Ranar kasuwa iska kan kawo masa hayaniya daga nesa, ya kasa kunne ko zai tsinci muryar wanda ya sani, iskar ta juya. In aka kira salla ya tsaya shi kaɗai, ya yi sallama dama da hagu, babu kowa. Akwai wani ƙadangare mai jan kai da ke hawa darni, ya sa masa suna Kansila, yana zaginsa, ƙadangaren yana gyaɗa kai. Rannan ƙadangaren ma bai zo ba. Daga nan Nomau ya juya fuska ga bango, ya daina cin abinci.

Ta biyu ita ce yayarsa, Lantana, mai daddawa. Ita ke kawo abinci. Takan rataya ƙwarya a kan doguwar gora ta miƙa ta saman darni, in ya gama ya fasa, don ba a mayar da abin da ya taɓa. Ta ƙarar da ƙoren ɗakinta, ta koma na 'yan'uwa. Ba ta ba shi komai sai kunun tsamiya da dafaffen zogale, ba mai ba magi, don haka uwarsu ke jinya. Masu sayen daddawarta suka gudu, dangin miji suka ce ta zaɓa, ko aurenta ko ƙaninta. Washegari ta sake ɗaukar gorarta.

Da ta ga ƙwarya na kwana cike, sai ta zauna bayan darni ta gyara murya.

"Nomau, ka ji abin da aka kama ladan yana yi a rumbun mai gari?"

Can daga cikin bukka ya ce, "Me ya yi, Yaya?"

"Nuna mini ƙwarya tukuna."

"Haba Yaya, mutum na mutuwa kina ja masa rai?"

"Mutu mana, ka tafi ba ka ji ba."

Ya shanye kunun, ya ɗaga ƙwarya sama. Ladan, bawan Allah, bai yi komai ba, ƙarya ta shirya. Haka ta riƙa yi kullum, ta aurar da waɗanda ba su yi aure ba, ta haɗa faɗan da ba a yi ba, tana yanke labari a inda ya fi daɗi. Da babu ita, da yunwa ta gama da shi kafin ciwon ya gama.

Na uku Malam Tanimu ne, malamin asibitin garin, wanda kowa ke kira Likita ko da yake shi kullum sai ya ce ba likita ba ne. Asibitin nasa an yi masa fenti mai kyau da allo babba, amma in ka buɗe kabad sai gizo-gizo ya gaishe ka. Safar hannu ta ƙare, sai ya ɗaura leda. Shi kaɗai ke tsallaka darni. Yakan wanke gyambunan da ruwan ɗumi da gishiri, ya juya shi, ya share masa shimfiɗa. Ranar da ya tarar da Nomau a sanƙare, ido ya kafe, shi ya rataya ledar ƙarin ruwa a azarar bukka ya nemo jijiya da ƙyar, ya zauna har numfashi ya daidaita. Ya ba shi ragowar ƙwayoyin tsutsar ciki da aka taɓa rabawa, don su ke nan a hannunsa.

"Likita, waɗannan za su yi?"

"Wallahi ban sani ba, Malam Nomau. Amma sha."

Wata rana ledar ta yage, Tanimu bai janye hannu ba, ya ci gaba da wankin. Nomau ya ji fatar mutum a jikinsa, sai kawai hawaye. Mata suka daina kawo 'ya'yansu allura don kada hannun nan ya taɓa su. Da babu shi, da ranar sanƙarewar nan an yi jana'iza, in ma an sami masu wanka.

Da kaka ta yi, aka girbe dawa, rawar hannu ta tsaya. Kumburi ya saɓe, sabuwar fata ta fito. Nomau ya warke, ba wanda ya san dalili. Cindo ya ce rufe rijiya ne. Lantana ta ce zogale ne, kuma in ba a ci ba ai ba a warke ba. Malam Tanimu ya ce shi dai bai sani ba, sauran biyun suka ce wannan wayo ne irin na 'yan asibiti, so yake a ce shi ne.

Nomau ya koma gida, amma gari bai komo masa ba. Gaisuwa daga nesa, hannu a aljihu. A masallaci akan bar masa fili dama da hagu, kamar wanda ya zo da baƙi biyu da ba a gani. Zaɓe ya zo, aka kayar da Cindo, wai ya ajiye cuta a gona. Duk faɗin Tungar Marke mutum uku ne ke shiga zauren Nomau su zauna a tabarmarsa, kuma su ukun tun gardamar nan ba su cika son haɗuwa ba.

Ana nan sai ga baƙi daga gwamnati, da mota da masu ɗaukar hoto, da sabon babur ɗaure a baya. An ji irin ciwon ya ɓulla a ƙauyukan ƙetaren kogi, an kuma ji a nan wani ya tashi. Saboda haka za a ba wanda ya warkar da shi babur, a damƙa masa kula da majinyatan can. Aka shimfiɗa wa Nomau tabarma nesa kaɗan da kujeru, babban baƙon ya ce, "Baba, wa ya warkar da kai?"

"Allah, ranka ya daɗe."

"Mun sani. Bayan Shi fa?"

"Su uku ne."

"Babur ɗaya aka ba mu, Baba. Suna ɗaya muke so."

Nomau ya duba. Ga Cindo, wanda wannan kaɗai zai wanke masa suna, yana cewa, "Bawa, ka dai san mai gidanka," bakin na dariya, idon ba ya yi. Ga Lantana, wadda har yau ba a ci daddawarta a gidan mijinta, tana gyara mayafi. Ga Malam Tanimu, mai zaga ƙauyuka da ƙafa, yana kallon ƙasa. In Nomau ya ambaci wanda ba shi ne maganin ba, mutanen ƙetare za su biya da ransu. Kuma ko wa ya ambata, biyu za su tashi daga tabarmarsa, shi da ba shi da na huɗu. Mai surutun Tungar Marke ya buɗe baki, karo na farko a rayuwarsa bai sami abin faɗa ba.

To, jama'a, baƙi na jira, mai hoto ya ɗaga abinsa. Tsakanin wanda ya hana a jefar da shi, da wadda ta sa ya ci, da wanda ya taɓa shi, sunan wa ya kamata Nomau ya faɗa?