Kaskon da Laras ta ɗauka a ɓoye

Akwai wata budurwa mai suna Laras, 'yar birnin Surabaya, wadda ta goya jakarta a baya ta hau tsaunin Dieng ita kaɗai. Ta daɗe tana jinyar mahaifinta har Allah ya karɓi abinsa, kuma a wannan jinyar ta koyi hali ɗaya: kome ya same ta, sai ta ce "lafiya lau." Ba girman kai ba ne, baiwar Allah. Ta tsani ta zame wa kowa nauyi ne kawai.

Mu 'yan Dieng kuwa, hanyarmu ba ta raga wa baƙo. Motar hayar da ta shiga tana murɗawa tana hawa, ga warin mai, ga buhunan kabeji a ƙarƙashin kujera. Kafin su kai rabi Laras ta amayar da duk abin da ke cikinta. Ta sauka jiri na ɗibarta, sanyi ya ratsa ta har ƙashi, ita da ta saba da zafin bakin teku.

Ta sauka a gidan wata tsohuwa mai ba baƙi ɗaki, Warsiti, wadda kowa ke kira Mbah, wato kaka. Duk Dieng an san bakinta ba ya hutawa.

"Ke kaɗai, 'yar nan? Ina mijin? Au, babu? To kin ci abinci? Dubi fuskarki, kamar an wanke tsumma!"

"Lafiya lau, Mbah."

"Lafiya lau ina? Taho kicin ki ji ɗumi. Ga shayin citta, in kuma shafa miki man zafi a baya."

A nan baƙo a kicin ake karɓarsa, kowa ya miƙe ƙafa a gaban kaskon gawayi ana hira. Amma Laras ta leƙa ta ga maƙwabta sun cika wurin, ta ji tsoron kada amai ya zo mata a gaban mutane. Ta ce barci take ji, don Allah kada a tashe ta.

Ta shige ɗaki ta ja bargo, amma haƙoranta ba su daina kaɗawa ba. Da aka kira la'asar, gajimare ya sauko har bakin ƙofa, kicin ya watse. Sai ta lallaɓa ta ɗauki ƙaramin kasko da garwashinsa, ta ƙara masa gawayi, ta kai ɗaki. Ta rufe taga ruf, ta cusa tawul a ƙarƙashin ƙofa don kada iska ta shigo, ta sa sakata. Har daɗi ta ji a ranta, wai ta magance matsalarta ba ta dami kowa ba.

Abin da ba ta lura da shi ba, kicin ɗinmu ba ya rasa kafar iska a rufi. Ba a rufe ɗaki da gawayi, don iskar da yake fitarwa guba ce.

Jim kaɗan kanta ya fara sarawa, zuciyarta ta sake tashi. Ta ce jirin mota ne bai sake ta ba. Ta so ta kira Mbah, sai ta tuna ita ce ta ce kada a dame ta. Ta lumshe ido.

Mbah ta idar da salla ta koma kicin, ta tsaya tana dube-dube.

"Tarmuji! Ina ƙaramin kaskona?"

Mijinta yana tsakar gida yana zaɓen irin dankali. "Na cinye shi," ya ce.

"Da wannan bakin da ba haƙora? Bari in duba yarinyar nan."

"Ke dai ba ki gajiya da shisshigi. Ta ce a ƙyale ta, ki ƙyale ta mana."

"Gidana ne, baƙuwata ce. In ta so ta zage ni."

Tana isa ƙofar ta ga bakin tawul ya leƙo ta ƙasa. Ta buga, ta kira, shiru. Ta ƙwala ihu, sai ga Tarmuji a guje, tsohon da kullum yake kukan ciwon gwiwa. Shi da wani maƙwabci suka sa kafaɗa har sakatar ta ɓalle.

Suka tarar da Laras a kwance, jikinta ya saki, kasko yana ci jajir a gefen gado. Suka fito da ita fili, Mbah tana mata fifita da gyale tana kuka tana salati. A motar ɗaukar dankali aka kai ta asibiti. Ma'aikaciyar jinya ta sa mata iska a hanci, ta ce da an ƙara jinkiri kaɗan da sai dai a kira danginta.

Da Laras ta farfaɗo ta ga tsohuwar a gefenta, ido duk ya kumbura. Kunya ta rufe ta.

"Ki yafe mini, Mbah. Ba na son in wahalar da ke ne."

"To ai kin hutar da ni! Ƙofata a karye, maigidana ya kasa miƙewa, ni na sha kuka har na ƙoshi. Da kin ce 'ina jin sanyi', bargo ne kawai zan ƙara miki."

Laras ta yi dariya, dariyar ta juye kuka. Tun rasuwar mahaifinta ba ta yi kuka a gaban mutum ba sai ranar.

Bayan an sallame ta, da yamma ta shiga kicin da ƙafarta, ta ratsa tsakanin maƙwabta ta zauna a gaban kasko. Mbah ta dube ta ta gefen ido.

"Kin ci abinci, 'yar nan?"

Har bakinta ya buɗe zai ce lafiya lau, sai ta tsaya.

"Ban ci ba, Mbah. Kuma har yanzu kaina yana ciwo."

"Yauwa!" in ji tsohuwar, ta jawo tukunya. "Yau kika iso gidana."

Darasi: Faɗin damuwarka ba ɗora wa mutane nauyi ba ne, ɓoye ta ne yake jawo babban nauyi. Kada ka ƙosa da mai yawan tambayar lafiyarka, kuma kada a kwana da gawayi a rufaffen ɗaki. Ku tura labarin nan ga wannan ɗan'uwan naku da kullum amsarsa "lafiya lau."