Ya Ci Shari'a Ta Waya

Akwai wani mai walda da ya yi shekara tara yana aiki a ƙasar waje. A gida Injiniya ake ce masa, shi kuma har ya yarda. Ya gina gida mai ɗaki huɗu, ya garƙame da kwaɗo, ya ce ko kaza kar ta shiga sai ya dawo.

Mahaifiyarsa, Inna, tana zaune da ƙanwarsa Auta a ɗakin haya a saman bene. Inna ba ta riƙe waya. Duk gaisuwar da yake yi mata, ta wayar Auta ce. Ku riƙe wannan.

Rannan wani maƙwabci mai shegen gulma ya turo masa hoto: an ɓalle kwaɗo, ga shanyar Auta a tsakar gida. Ya kira ta yana huci.

"Yaya, ka tsaya ka ji..."

"Ba abin da zan ji. Mu haɗu a kotu."

Ya toshe lambarta. Duk ɗan'uwan da ya kira ya ce "dama kan maganar Auta ce", shi ma toshewa.

Ya samo lauya ta waya. Aka turo takardar wakilci, ya sa hannu a kan benci lokacin hutun cin abinci, ya kai aka buga hatimi. Lauya ya gargaɗe shi cewa mai ƙara ba ya magana da wanda yake ƙara. Wannan ta yi wa Injiniya daɗi, har ya aika wa Auta ita ta bakin maƙwabcin.

Wata goma sha ɗaya ana ɗage zama. Da kewar Inna ta taso masa sai ya ce bari a gama tukuna. Kai jama'a, uwa ce fa!

Ya kuwa ci shari'ar, don takardun gida nasa ne. Lauya ya turo masa bidiyon fitar da kaya. Ya tara abokan aiki su ga yadda ake koya wa mutum hankali.

Aka fito da tukwane. Aka fito da katifa. Sai ga ƙarti biyu ɗauke da kujera, a kanta wata tsohuwa ta rame, ƙafarta a miƙe. Suka dire ta a bakin titi.

Wani cikin abokan aikin ya ce, wannan baiwar Allah fa? Injiniya ya duba da kyau: Inna ce.

Ashe zamewa Inna ta yi a matakala, ƙugu ya karye, likita ya hana ta hawa bene. Gidan da ba matakala da Auta ta sani guda ɗaya ne. Abin da take so ya tsaya ya ji ke nan.

Ya buɗe lambar Auta, ya kira. Auta ta ɗauka, ba zagi, ba kuka. Ya ce don Allah ta ba shi Inna. Yana jin lokacin da ta kai mata wayar.

Muryar Inna ta fito a hankali: "Ki ce masa na gode. Amma mai ƙara ba ya magana da wanda yake ƙara."

Gidan yana nan. An sa masa sabon kwaɗo, babba.

Darasi: Kafin ka kai ɗan'uwanka gaban alƙali daga nesa, ka ba shi minti biyu ya ƙarasa maganarsa. Hoto ba ya faɗin dalili, kotu kuma gida za ta maido maka, ba uwa ba. Ku tura wa 'yan'uwanmu da ke waje, tun ba masu saurin toshe lamba ba.