Tsohuwar da Ke Jiran Wata a Tsibirin Binuwai

Akwai wani mai kwalekwale a Garuwa da ake kira Hayatu, a zamanin da Jamusawa ke mulkin Kamaru. Suka tilasta masa dakon kaya zuwa Kusiri, ya daɗe har aka fid da rai da shi.

Da ya dawo, matarsa ta rasu, baƙi sun tare a gidansa. Ko sannu da hanya babu wanda ya yi masa.

Wata rana da la'asar kaɗaici ya ishe shi, ya tura kwalekwale cikin kogin Binuwai ba tare da ya san inda za shi ba. Ya tsinci kansa a wani tsibiri da a da ko kallonsa ba ya yi, don wurin masu bautar wata ne. Shi kuwa Hayatu akwai ji da kai.

Wurin shiru. Wani farin dutse ne a gindin tsamiya, an share kewayensa tas. Kusa da shi wata tsohuwa makauniya mai suna Fanta tana zaune da ƙwaryar kunu.

Da ta ji motsinsa ta ce, "Ɗana, duba mini yamma. Al'adarmu sai an ga jinjirin wata ake gaishe shi. Masu duba mini duk Jamusawa sun tafi da su."

Ya ɗaure fuska. "Inna, ni Musulmi ne, ba na bautar wata."

"Ban ce ka bauta masa ba. Idonka nake so ka ara mini."

Har ya juya zai tafi, sai tausayi ya kama shi. Ya tsaya har rana ta faɗi, sannan ya ce, "Ga shi can, siriri, ya tsaya."

Hawaye suka zubo mata. Da ta gama gaisuwarta ta ce, "Muryarka ta mai gajiya ce, da alama kai ma Jamusawa sun tafi da kai. Zauna ka ba ni labarin inda suka kai ka."

Hayatu ya zauna, ya yi kukan da bai samu wurin yi ba a Garuwa.

Daga nan duk ƙarshen wata sai ya zo, ya yi magaribarsa a bakin ruwa, ya duba mata sama. Ranar da ta rasu, shi kaɗai ne ya haƙa mata kabari.

Darasi: Bambancin addini ba ya hana tausayi, kuma wanda ka raina yana iya zama shi kaɗai zai tambayi damuwarka. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila akwai wanda yau babu mai ce masa sannu.