Abin da Auta Ya Rubuta a Cikin Agogo

Akwai wani tsoho mai gyaran agogo, yana da ɗa soja ana ce masa Auta. A shagon uban ya tashi, har ya iya sana'ar. Ranar da zai tafi yaƙi, tsohon ya ɗaura masa agogonsa a hannu.

Abokan gaba suka kama Auta da mutanensa, a hannunsu ya rasu. Mutum ɗaya ne ya dawo da rai, wani Sajan. Shi ya ce wai Auta ne ya tona shirin guduwarsu don a ƙara masa abinci, aka harbe sauran, Auta kuma ciwo ya kashe shi.

Aka rubuta sunayen mamatan a bangon bariki, aka tsallake na Auta. Sajan kuwa aka liƙa masa lambar yabo, yana tafiya kamar shi ya ci yaƙin shi kaɗai.

Shekara tara tsohon nan bakin ciki yana cinsa. Ko gaisuwar mutuwa ba a yi masa ba.

Rannan matar Sajan ta shigo shagon. "Baba, na tsinci wannan a ƙasan akwatin maigida. Gyara min, in ba shi mamaki."

Tsoho ya gane agogon tun kafin ta ajiye. Ya buɗe murfin baya, ya sa madubin ido. Ga rubutu da tsinin allura, hannun ɗansa: "Sajan ya sayar da mu. Gobe za a harbe mu. Baba, ka yi min addu'a."

Ya mayar da murfin, ya ajiye agogon a wurinsa. "Je ki, 'yata. Mamaki kam zai sha shi."

Bai kai ƙara a ɓoye ba, don a bainar jama'a aka ɓata ɗansa. Ya jira ranar tunawa da mamatan. Sajan na tsakiyar jawabi, har da matse hawaye, tsoho ya taka gaban kwamanda ya miƙa masa agogo da madubi.

"Ranka ya daɗe, karanta da ƙarfi. Nawa idon ya tsufa."

Kwamanda ya karanta. Sajan na ganin agogon ya san asirinsa ya tonu. Nan take aka tuɓe masa lambar. Kafin a tafi da shi ya rarrafo ya kama ƙafar tsoho.

"Baba, yunwa ce! Ka yafe min!"

Tsoho ya janye ƙafarsa. "Shi ɗan nawa a ƙoshe yake? Je ka roƙi mai agogon. Kai ka san inda ka baro shi."

Bai bar barikin ba sai da ya ga an sassaƙa sunan Auta a bango, ya shafa shi da yatsa.

Darasi: Kada ka yi wa mamaci ƙazafi don ka ga ba shi da bakin magana. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Ku tura wa 'yan'uwa, ku sa waɗanda suka rasu a hannun abokan gaba cikin addu'a.