Mai da Shi Baya Kaɗan

Akwai wani mutum, dattijo, wanda yake alƙalancin ƙwallo a ƙauyensu. Filin nasu ba raga, gora biyu ce a kafe, an ɗaura igiya a sama. In ƙwallo ta bi ƙarƙashin igiya ta shiga, in ta bi sama ta fita.

Ranar wasan ƙarshe na cin kofi, ana dab da tashi ba wanda ya ci wani, sai wani saurayi ɗan ƙungiyar gida ya sheƙa ƙwallo. Alƙali ya ce ta bi sama. Sai ga wani ɗan kallo a guje da waya, ashe ya ɗauki bidiyo. Aka duba, ƙiri-ƙiri ta ƙarƙashi ta bi.

To, kun san mutanenmu da ƙwallo. Wanda ko kaza ba ya iya kora, ran nan zaki ne. Suka yi wa dattijon zobe, wasu har sun tsinci duwatsu. Tsoro ya kama shi ƙwarai.

Saurayin nan ya kutsa cikin taron, ya ce wa mai wayar, "Mai da shi baya kaɗan."

Aka mayar. Sai ga saurayin da kansa ya tare ƙwallon da hannu kafin ya buga, alƙali bai gani ba.

Ya tsaya a gaban dattijon, ya ce wa taron, "Baba bai ga igiya ba, bai kuma ga hannuna ba. In jifa za ku yi, ku fara da ni."

Kowa ya saki dutsensa a kunyace. Dattijon ya riƙe shi yana hawaye, ya ce, "Ɗana, Allah ya yi maka albarka." Kofin dai bai zauna a garin ba, amma tsohon ya koma gida lafiya.

'Ya'yana, ga ma'anar misalin nan. Dukanmu muna son a tsayar da bidiyo daidai kan kuskuren wani. Amma Ubangiji yana ganin rayuwarmu tun daga farko, in ya mai da ita baya kaɗan, wa zai ɗaga kai? Ni dai ba zan iya ba. Shi ya sa zuciyata take cike da godiya. Saurayin nan mai laifi ne ya tsaya wa mai laifi. Yesu kuwa, an duba an sake dubawa, ba a sami aibu a cikinsa ba, duk da haka ya tsaya a gabanmu, jifan ya sauka a kansa.