Farfesa da Gwangwanin Maɓallai

Akwai wani bawan Allah, jikokina, da ake ce wa Farfesa. Kada sunan ya ruɗe ku. Aikinsa buga takardu ne a wani ɗan shago mai inji guda ɗaya, shi ma sai an daddake shi yake tashi. Tabarau ya saya, ya koma magana ta hanci, shi ke nan suna ya bi shi.

Duk Asabar da yamma sukan taru a ɗakin bayan shagon wani tela, su ture ƙyallaye daga teburin yanka, su yi wasan labari. Mutum ɗaya ke jan labarin, sauran kowa ya ɗauki mutum ɗaya a ciki ya zama shi. In ka ce za ka tsallake rami ko ka sari dodo, sai ka jefa ƙwaya biyu masu ɗigo-ɗigo irin na ludo. Abin da suka nuna, shi ne rabonka.

Farfesa ke jan labarin, shekara biyu cur. Ba zan zalunce shi ba, ya iya. Kuma nan ne kaɗai a duniya yake buɗe baki a yi shiru. A shago masu kawo takardu tsawa suke masa. A gida matarsa kan yi hamma yana tsakiyar bayani. Kujerar nan ta mai jan labari ita ce duk abin da ya mallaka.

'Yan wasan su huɗu ne: Tela mai ɗakin, da ƙanwar Farfesa da ake kira Nas saboda aikinta na jinya, da wani Direba mai zaƙin baki, sai Baba Mai Guga, dattijo mai magana a hankali, hannunsa duk tabon dutsen guga.

To, akwai wata ƙa'ida a wasan. In ɗan wasa ya yi abin kirki ko dabara mai kyau a cikin labari, mai jan labari yakan ba shi maɓalli ɗaya daga wani gwangwani. Ranar da ƙwaya ta ƙi ka, sai ka miƙa maɓallin a ba ka damar sake jefawa. Lada ne kawai, don a ƙarfafa wa mutum gwiwa.

Farfesa sai ya mayar da gwangwanin nan sarauta.

Da ya yi muryar dodo, Direba zai dafe ƙirji ya ce, "Kai, Oga! Wallahi har tsikar jikina ta tashi!"

Ƙwal, maɓalli.

Direba ya kawo masa lemo mai sanyi, ƙwal. Ya yi dariyar barkwancin da ko akuya ba za ta yi wa dariya ba, ƙwal, ƙwal. Shi kuwa gogan sai ya gyara tabarau, ya kumbura kamar an hura shi da famfo.

Baba Mai Guga kuwa, tsohon maƙeri yake zama a cikin labarin. Shi ke ɗaukar wanda aka ji wa rauni, shi ke tuna sunan kowane ƙauye da suka wuce. Amma bai iya yabo ba. Shekara biyu, ko maɓallin rigar jariri bai taɓa gani ba. In ya fara magana, Farfesa sai ya duba agogo ya ce, "Baba, a taƙaita mana, ba layin wanki muke ba."

Saura mako ɗaya a kai ƙarshen labarin, aka zo wata gada. Mayaƙan dodo sun biyo su a guje. Baba ya ɗaga kai ya ce, "Ku wuce. Ni zan tare bakin gadar da gudumata."

Tela ya ajiye almakashin da yake wasa da shi. Nas ta ce, "Baba, ka tabbata?"

"Ku dai ku wuce, 'yata."

Ya jefa ƙwaya. Ɗaya da biyu. Mummunar faɗuwa.

Nas ta ce, "Yaya, ai wannan ya ci maɓalli. Ya ba da ransa saboda mu fa."

Farfesa ya taɓe baki. "Me ya yi? Tsayuwa a kan gada? Ai ko buhu aka ajiye zai tsaya."

"To ga nawa, na ba shi."

"Ba a kyautar maɓalli. Doka doka ce, ba ta san ɗan uwa ba." Ya ja layi a littafinsa, ya kalli dattijon ta saman tabarau. "Maƙerinka ya faɗa ruwa, Baba. Ka ga sai ka samu lokacin kayan mutane."

Shi kaɗai ya yi dariya, sai Direba da ya taya shi. Ƙwal.

Baba ya ninke 'yar takardar da ke ɗauke da bayanin maƙerinsa, wadda ta yi laushi saboda riƙo, ya sa a aljihun gaba. Ya ce, "Allah ya kai mu mako." Ya fita a hankali yana dafa bango.

Farfesa ko a jikinsa. Hankalinsa na kan babbar rana. Ya rubuta wa sarkin dodanni jawabi shafi goma sha biyu, yana ta gwada muryar a banɗaki har maƙwabta suka aiko a tambaya ko lafiya. Ya gayyato 'yan kallo, har da matarsa, don ta gani da idonta cewa ba ƙaramin mutum take aure ba.

Ranar ta zo, ɗaki ya cika, wasu a kan buhunan ƙyallaye. Baba ma ya zo, ya zauna a bakin ƙofa ba takarda a hannunsa.

Farfesa ya miƙe, ya buɗe hannuwa. "Ƙofar fada ta buɗe. Ga sarkin dodanni a kan karaga, ya buɗe baki zai..."

"Na soke shi a zuciya," in ji Direba.

"Tsaya mana, bai yi magana ba."

"Ni ina ruwana da maganarsa? Ina da lodin fasinja ƙarfe biyar. Me ake bukata?"

Farfesa ya yi murmushin raini. "Sai ƙwaya biyu sun ba da shida-shida. Ba mai iya wannan."

Direba ya jefa, bai samu ba. Sai ya sa hannu a aljihun wando, ya zazzago maɓallai a kan tebur, tuli guda, har suna gangarowa ƙasa. Ashe duk wanda aka ba shi ɓoyewa yake yi.

Ya tura ɗaya, ya jefa. Ya tura wani, ya jefa. 'Yan kallo suka fara ƙirga masa da ƙarfi. Zufa ta karyo wa Farfesa, tabarau na zamewa a hanci.

"Ba a yin haka a jere! Na hana!"

Nas ta harɗe hannu. "A'a, Yaya. Doka doka ce. Ko yau ta fara sanin ɗan uwa?"

A jifa na ashirin da wani abu, shida-shida suka fito. Ɗaki ya kaure da ihu. Sarkin dodanni na shekara biyu ya mutu bai ce ko "a" ba, ga shafi goma sha biyu a hannun Farfesa ko layi ɗaya bai karanta ba.

Farfesa ya dubi Direba ya ce, "Kai da kake cewa tsikar jikinka na tashi?"

Direba ya ɗauki makullin motarsa. "Oga, kai ka ce maɓalli na yabo ne, ni kuwa na yaba. Muryar taka ma kamar injin markaɗe take." Ya yi gaba abinsa.

Matar Farfesa ta yi hamma, ta ce, "An gama ke nan? In tafi?"

Bayan an watse, Tela ya rufe gwangwani ya ce, "Farfesa, mun yi shawara tun makon jiya. Sabon labari Baba ne zai ja mana."

"Wa? Mai guga?"

Baba ya ce daga bakin ƙofa, "Akwai kujerarka, ɗana. Ka zo ka buga da mu. Ka iya murya, za ka yi daɗin wasa."

Kun ji mutum. Da mai hankali ne, da ya durƙusa ya ba da haƙuri. Amma ina! Ya tattara takardunsa, ya ce shi ba zai zauna a ƙarƙashin mai wanke wandunan mutane ba, kuma za su neme shi da ƙafarsu.

Ba wanda ya neme shi. Baba yana jan labarinsa a hankali, in ka yi abin kirki ya tura maka maɓalli ya faɗi dalili kowa ya ji. Har mutum biyu suka ƙaru a teburin.

Shi kuwa Farfesa, duk Asabar da yamma sai ga shi a gaban shagon da wando a leda, wai a rage masa tsawo. Ya zauna a benci kusa da labule, ya kasa kunne, yana jin dariyarsu daga ciki. In Tela ya leƙo ya ce, "Shigo mana," sai ya ce, "Ni aiki na kawo."

Wando ɗaya ne, jikokina. An rage shi sau biyar. Yanzu da ƙyar yake rufe masa gwiwa.

Darasi: In Allah ya ɗora ka a inda kai ke rabon lada, ko da na wasa ne, ka ba wanda ya yi aikin, ba wanda ya iya lasar takalminka ba. Mai yabonka don abin hannunka, da abin zai kayar da kai. In kuma ka yi kuskure aka buɗe maka ƙofa, ka sauke girman kai ka shiga. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman wanda kuka san an damƙa masa ɗan gwangwani ya fara jin kansa sarki.